Sunan da Na Yanka Kafin a Yi Tsere

Na taɓa yanka sunan wadda ba ta zo ta ɗaya ba a jikin kofin azurfa na wata ƙungiyar masu gudu a nan London. Kwana shida kafin tseren na yanka shi. Sau ɗaya na yi irin wannan a shekara talatin da 'yan kai da nake sana'ar nan, kuma shi ne aikin da aka fi sanina da shi a Old Kent Road.

Sunana Ɗanlami. Aikina rubuta suna a jikin ƙarfe: kofin gasa, lambar yabo da ake ratayawa a wuya, farantin tagulla na ƙofar ofis, zobe, bayan agogo. Mu yankan suna muke ce masa, domin yankan ake yi, ƙarfen yana fita siriri kamar gashi. Matasan da ke leƙowa shagona suna ganin aikin wasa ne. Su ce, “Baba, ai yanzu inji ke yi, dannawa kawai za ka yi.” Ina da injin. Yana can lungu yana rubuta sunayen karnuka a kwanon abincinsu. Kofin da ya girmi ubanka ba a sa shi a inji. Jikinsa a lanƙwashe yake, azurfarsa ta yi laushi, sunayen da ke sama kuma hannun mutum ne ya yanka su, dole naka ya yi kama da nasu.

Cokali ne aikina na farko. Ban yi boko ba. A Tudun Wadan Zariya na tashi ina yi wa kawuna zuga a maƙera. Na zo ƙasar nan ta hanyar da ba zan ba kowa shawarar ya bi ba. Na kwana a bas, na wanke tukwane a Whitechapel, na share asibiti. Daga nan wani tsoho mutumin Girka, Mista Kosta, ya ɗauke ni goge kofuna a shagonsa. Shekara biyu ina goge-goge, hancina baƙi ƙirin da ƙurar inji. Wata rana ya jefo mini tsohon cokali ya ce in yanka S a ƙotarsa. Na yanka wani abu mai kama da tana. Ya jefo wani. Sai da na ɓata cokula cike da bokiti kafin ya bar ni na taɓa kayan mutane. Haruffan da nake rubuta wannan labari da su a jikin cokulan nan na koye su.

Kayan aikin ba su da yawa. Akwai alƙalami, ɗan ƙarfe ne tsawon yatsa mai kaifin baki, da ƙotar katako zagayayyiya da ke zama a tafin hannu. Ina da goma sha biyu, kowanne da irin bakinsa. Akwai dutsen wasa su, wanda ake ɗiga wa mai. Akwai magagari ƙanana, gilashin ido ɗaya, da matashin fata cike da yashi da ake ɗora kofi a kai. Abin da sabon shiga ba ya ganewa shi ne alƙalami ba ya yawo. Hannun dama turawa kawai yake yi. Hannun hagu ne ke juya kofin a kan matashi, shi ke yin lanƙwasar harafi. Idan alƙalami ya zame, ko dai ya ja layi a fuskar kofin mutane, ko ya shiga babban yatsanka na hagu. Kosta ya ce gara yatsa, yatsa yana warkewa. Nawa ya warke sau da yawa.

Dokarsa guda ce, kuma da ita ya bar mini shagon da ya koma ƙasarsu: takarda, sannan ƙarfe. Sai sakataren ƙungiya ya rubuta suna a takarda ya sa hannu, ka soke ta a jikin ƙusar da ke kan tebur, sannan ka ɗauki alƙalami. Ko da idonka ka ga mutum ya ci gasa, sai takarda ta zo.

Lambobin Alhaji Isaka guda ashirin, su ba na mantawa da su. Mutumin zangon Kumasi ne, yana da shagon kayan abinci a Tottenham, yana kuma riƙe da ƙungiyar ƙwallon matasansu. Ya zo da lambobi da ba su wuce murfin kwalba ba, ya ce in sa sunan ƙungiya, da sunan ɗan wasa, da nasa sunan tare da duk muƙamansa.

Na ce, “Alhaji, ina za su shiga?”

Ya ce, “Maigida, medal ɗin na da baya. Ka juya shi.”

Na juya. Har yau akwai samari a Tottenham da sunansu ke bayan lamba, na Alhaji a gaba. Haka masu kawo mini aiki suke. Majami'un da ke cikin tsoffin sito-sito na titin nan suna kawo farantin karrama fasto. Islamiyoyi suna kawo kofin musabaƙa. Tsoffin Turawa masu jifan kibiya a mashaya suna kawo garkuwar katako mai warin giya, in yi aikin, in wanke hannu.

Shekarar korona ita ce muguwar shekara. Ba ƙwallo, ba tsere, ba musabaƙa. Wata tara ba kofi ko ɗaya da ya shigo. Abin da ya riƙe shagon shi ne farantai na akwatin gawa, da ƙananan tagulla da ake maƙalawa a bencin lambu don tunawa da mamaci. Na yanka sunayen mutum huɗu da suka sha shayi a shagon nan. Ranar da aka buɗe wasanni, wata mata ta kawo kofin gasar gasa kek na unguwarsu, na yi mata shi kamar na sarauniya.

Kofin da ya jawo mini magana na wata ƙaramar ƙungiyar gudu ne a kudancin London. Tsohon kofi ne na azurfa mai hannu biyu, na tseren mata da suke yi kowace kaka, kilomita goma. Sakatariyarsu, Madam Pat, tsohuwar Baturiya ce da ta haura saba'in, har yau tana gudu, sai dai in kana sauri da ƙafa za ka wuce ta. Shekara ashirin tana kawo mini kofin nan. Suna da al'ada tun kafuwar ƙungiyar: wadda ta ci sau huɗu a jere, kofin ya zama nata, ta tafi da shi gida har abada. Ba wadda ta taɓa yi. Wadda ta kai uku a jere ita ce Rahila, 'yar abokina Bitrus.

Bitrus mutumin Kagoro ne, direban bas, kullum yana biyowa shan shayi kafin ya kama aikin rana. Shi Kirista, ni Musulmi, shekara ashirin da biyar muna zagin tuƙin juna da ƙirar juna. Ina wurin ranar da aka raɗa wa Rahila suna a flat ɗinsu. Ta girma ta zama nas. Tana jin Hausa sarai, amma amsarta rabi da Turanci take zuwa.

A shekarar ta huɗu Madam Pat ta kawo kofin mako guda kafin tsere. Takardarta ta ce a goge shi, a yanka shekara. Suna sai bayan tsere, kamar kullum. Bitrus ya shigo ya tarar da shi a kan matashi. Ya ɗora yatsa a ƙasan sunan 'yarsa na uku.

“Maƙeri, ka ga filin nan? Nan za ta zauna.”

“Sai ta yi gudun tukuna, Direba. Ka cire yatsanka, yanzu na goge.”

“Wa zai wuce ta? Bara sai da ta sha ruwa ta kwance takalmi kafin ta biyu ta ɓullo. Ni har na share wuri a kan talabijin.”

Bai ce in yanka ba. Ina so a san wannan. Ni na yi tunanina. A wajenmu idan 'yar amininka za ta yi babbar rana ba ka zuwa hannu biyu, ni kuma abin da nake da shi ke nan. Na ce bari ta ɗaga kofin ta ga sunanta ya riga ta isowa. Na yanka shekara, na yanka Rahila a gefenta, aiki mai kyau, ya fi ukun da ke sama. Na ɗaure wurin da koren ƙyallen ƙungiyar. Madam Pat ta zo ta ɗauka ba ta duba ba. A shekara ashirin ba ta taɓa samun dalilin duba aikina ba.

Ranar Lahadi da safe muka je lambun da ake tseren, ni da Bitrus da kular shinkafa. Ana ɗan yayyafi. Muka tsaya a bakin layin ƙarshe. Maza suka fara isowa, domin tare ake sakin maza da mata. Can sai ga mace ta farko, wata doguwar Baturiya mai faɗin kafaɗa, gashinta a ɗaure. Rahila tana bayanta da kamar taku ashirin, bakinta a buɗe, ta ba da duk abin da take da shi.

Bitrus ya ce, “Wannan kuma wace ce?”

Wata mata a gefenmu ta yi mana bayani. Sunanta Sandra, ta shiga ƙungiyar a farkon shekarar. Namiji aka haife ta, ta sauya jinsi shekaru da suka wuce. A lokacin dokar ƙungiyar ba ta ce komai a kan wannan ba, wadda ta yi rajista a matsayin mace tana gudu cikin mata. Tun kafin a miƙa kofi an fara ƙus-ƙus. Madam Pat ta miƙa, Sandra ta karɓa tana murmushi, ta kwance koren ƙyallen don a ɗauki hoto. Ta duba. Ta sake dubawa. Mai hoton ya matso ya karanta da ƙarfi. Wasu suka yi tafi, wasu suka yi ihu, wani ya fashe da dariya. Madam Pat ta ɗaga kai tana neman fuskata cikin mutane. Na ajiye farantin shinkafata na nufi tashar bas.

Kafin Talata hoton ya zaga wayoyi. Alhaji Isaka ya taso tun daga Tottenham da kwalin dabino.

“Maigida, ka yi aikin Allah. Ka nuna musu ɗan daudu ba ya cin kofin mata.”

“Alhaji, kuskure na yi. Ban ma san da ita ba.”

Ya kashe mini ido ɗaya. “Haka za ka riƙa faɗi. Lauya ma haka zai ce ka faɗi.”

Matan cocin su Bitrus suka aiko mini da tuwon acca. A ɗaya gefen kuma wasu suka rubuta a intanet cewa kada a kai aiki wurin tsohon nan mai ƙiyayya. Wata ƙungiyar ƙwallon mata ta yi cancel ɗin lambobinta. Wannan bai dame ni sosai ba. Abin da ya dame ni maganar Madam Pat ce, ranar da ta dawo da kofin ta dangwarar a kan tebur.

“Mista Ɗanlami, ban damu da ra'ayinka ba. Amma idan mai yanka suna shi ke zaɓen wanda ya ci, ba sakataren da zai sake ba shi kofi. Ni ma haka.”

Gaskiya ta faɗa. Duk sakatarorin kudancin London sun san juna. Mai yabona da mai zagina duk abu ɗaya suke faɗa, cewa da gangan na yi, kuma wannan shi ne abin da zai rufe shago. Ta ce kwamiti zai zauna nan da mako uku, kofin ya zauna a wurina, kada in taɓa shi.

Sandra ta zo a mako na farko. Sai da ta sunkuya kafin ta shigo, ƙofar tawa gajera ce. Ta ce tana so ta ji daga bakina ko da gangan na yi. Na zare takardar Madam Pat daga ƙusa na nuna mata, na faɗa mata komai, har wurin da Bitrus ya share a kan talabijin. Ta yi dariya har ta zauna a kujerarsa. Na zuba mata shayi.

Ni ban iya kewaye-kewaye ba. Na ce, “Amma kin fi Rahila tsawo da kusan kamu guda. Takunki ɗaya nata ɗaya da rabi ne.”

Ta ce, “Akwai matan da suka fi ni tsawo a ƙungiyar, ba su taɓa wuce ta ba.”

“Su ba su girma a jikin namiji ba.”

Ta juya kofin shayin a hannunta. Ta ce shekara shida tana shan magani, ƙarfinta ya ragu, gudun da take yi a da yanzu ko kusa ba ta yi. Ta ce ba ta ɓoye wa kowa komai ba, ranar rajista ta tambayi Madam Pat ina za ta tsaya, aka ce cikin mata. Ta ce ba kofi ya kawo ta ba, likita ne ya ce ta riƙa fita cikin mutane, kuma a ƙungiyar nan ne aka fara ce mata ina kwana ba tare da an kalle ta sau biyu ba.

“Yanzu kuma sau uku ake kallona,” in ji ta. “Albarkacinka.”

Na ba ta haƙuri. Ta zagaya shagon tana duba alƙaluma, ta tambayi dalilin da ya sa babban yatsana ya yi kama da tsohon rogo. Ta tafi.

Rahila ta zo a mako na biyu, daga asibiti, da rigar aiki a jikinta. Ta gaishe ni yadda aka koya mata, har da rusunawa, sannan ta miƙe ta fara.

“Baba Ɗanlami, ka san abin da ka yi mini? Ana cewa ni na aiko ka. A wurin aiki ana ce mini mai kofin bayan fage.”

“Kyauta na so in yi miki.”

“Da ka sayo turare.”

Na ce to ita me take gani game da tseren. Nan ta zauna. Ta ce ba ta da matsala da Sandra, tare suke atisaye ranar Alhamis, mutuniyar kirki ce. Amma ita nas ce, ta san jiki. Wanda ya balaga a jikin namiji ya riga ya samu tsawon ƙashi da faɗin ƙirji da girman zuciya, magani yana rage wani abu, ba ya mayar da ƙashi gajere. Ta ce an ware tseren mata ne saboda wannan bambancin, in ba haka ba da kofi ɗaya za a yi, maza su riƙa kwashewa. Ta ce shekara huɗu tana gudu kafin aiki da bayan aiki, mahaifinta yana riƙe mata riga, ta rasa kofin saboda taku ashirin.

Na ce, “To a bar sunanki ke nan.”

“A'a. Ka cire shi.”

“Yanzu kika ce an cuce ki.”

“Na ce dokar ba daidai ba ce, kuma zan je kwamiti in faɗa da bakina. Amma ranar nan da dokar muka yi gudu, ni ta biyu na zo. Ba na son kofin da na samu don Baba Ɗanlami ya kasa haƙurin kwana shida. Ka cire, please.”

Bitrus bai ji daɗin wannan ba. Ya ce namiji ne ya ƙwace wa 'yarsa kofi, Allah ya sa maƙeri ya gyara, yanzu 'yar da maƙerin za su haɗu su ɓata. Ya daina zuwa shan shayi. Idan bas ɗinsa ta zo wucewa sai ya kalli gaba kamar mai jarrabawar tuƙi.

An sha tambayata ra'ayina. Ga shi. Abin da addinina ya ce a kan sauya halitta na sani, shago kuma ba wurin wa'azi ba ne. A maganar jiki ina ganin Rahila ce da gaskiya, na ga takun nan da idona. Sandra kuma ba ta saci komai ba, layin da aka nuna mata ta tsaya. Mai laifi a cikin labarin nan mutum ɗaya ne, shi ke rubuta shi.

Takardar kwamiti ta zo da sa hannun mutum biyar. An ce sun yi awa huɗu suna gardama, mutum biyu sun fice daga ƙungiyar, ɗaya don an yi tsauri, ɗaya don ba a yi ba. Hukuncin shi ne kofin bana na Sandra ne, domin da dokar ranar aka yi tsere. Daga baɗi kofin mata na waɗanda aka haifa mata ne, za a kuma sayi sabon kofi na kowa da kowa. Rahila ta rasa huɗunta a jere. Sandra ta samu kofi ɗaya ta rasa layin da take tsayawa. Ni kuma aka bar ni da cire suna.

Cire suna ya fi yanka shi wuya sau goma. Yadda aka saba, a cinye wurin da magagari har ramin haruffa ya ɓace, sannan a buga daga ciki da ƙaramar guduma a taso da fuskar. Na ƙwanƙwasa kofin nan da farce na ji amonsa. Shekarun goge-goge sun cinye shi, wurin bai fi kaurin bawon albasa biyu ba. Idan na sa magagari zan huda shi. Kofin da ya huje kuwa ya mutu, da sunayen matan da ke jikinsa tun kafin a haife ni.

Sai na bi ta wata hanya. Na ce cike ramin zan yi. Na ja wayar azurfa siririya kamar zare, na kwantar da ita cikin kowane harafi, harafi shida. Haɗarin shi ne wuta, domin zafin da zai narkar da wayar yana iya sakin tsohon haɗin hannuwan kofin, su faɗo. Na naɗe hannuwan da jiƙaƙƙen tsumma, na shafe sauran sunayen da laka, na rufe shago, na kashe waya. Harafi ɗaya nake yi, in bari ya huce, in sha shayi, in dawo. A harafi na huɗu tsumman hagu ya bushe ya fara hayaƙi, na ga haɗin ya fara sheƙi. Na janye wutar na danna masa jiƙaƙƙen soso. Ya tsaya. Kwana uku na yi. Na bi wurin da dutse mai laushi, na goge, na soke takardar kwamiti a ƙusa, na karanta ta sau biyu, na yanka Sandra.

Madam Pat ta zo da tabarau biyu, ta ɗora ɗaya a kan ɗaya. Ta kai kofin bakin ƙofa inda haske yake, ta juya shi a hankali, ta ja hannuwansa, ta leƙa ciki.

“Ina ɗayan sunan ya tafi?”

“Yana ciki. Na binne shi.”

“Ba zai taso ba?”

“Sai dai in wani ya sa shi a wuta.”

Ta ce ta gaya wa sauran sakatarori cewa ni ba mugu ba ne, wawa ne kawai, kuma wawan da ya fi kowa hannu a kudancin London. Na ce na gode. Ta buɗe jakarta ta fito da sabon kofin, na kowa da kowa, da takardarsa a ciki.

Bitrus ya yi wata biyu yana fushi. Wata rana ya shigo ba sallama, ya zauna a kujerarsa, ya ce shayin tashar bas kamar ruwan wanki yake. Har yau idan maganar ta taso muna gardama. Rahila ta ci tseren shekarar da ta biyo baya, ta fara ƙirga daga ɗaya. Sandra ta yi gudu sau ɗaya a layin kowa da kowa, ta zo can tsakiya cikin maza, daga nan ta daina shiga tseren. Rahila ta ce wani lokaci Sandra tana zuwa atisayen Alhamis, wani lokaci ba ta zuwa. Ƙungiyar ƙwallon matan nan ba ta dawo ba.

Yanzu shekarata sittin da bakwai. Ina nan a shagon, tsakanin mai sayar da doya da cocin da ke cikin sito. Idon hagu ya fara yana, an yi mini booking ɗin aiki a asibiti watan gobe. Kofunan Madam Pat guda biyu suna kan kanta, na goge su, na yanka shekara. Tseren bana jibi ne. Gefen shekarar fili ne a duka biyun.